Amsa ga mai shirin ziyartar Kudalasangama

Malam, ka tambaya ko baƙo zai iya shiga wurin ibadar mabiya Lingayat (wata ƙungiyar addini a kudancin Indiya mai bauta wa Shiva) da ke Kudalasangama, da kuma abin da ya kamata ya gani. Ana barin baƙi su shiga, matuƙar sun cire takalma a bakin ƙofa kuma sun yi shiga ta mutunci.

Wurin yana gundumar Bagalkot a jihar Karnataka ta Indiya, daidai inda kogin Malaprabha ya haɗu da kogin Krishna. A nan Basavanna, babban malamin mabiya Lingayat na ƙarni na 12 wanda ya yi wa'azin watsi da bambancin asali tsakanin mutane, ya yi karatu, kuma mabiyansa sun yi imani a nan ya cika.

Akwai tsohon haikalin Sangameshwara na dutse, amma a ganina Aikya Mantapa, wato makwancin Basavanna, ya fi cancantar lokacinka. Da ruwan madatsar Narayanpur ya taso, sai aka kewaye makwancin da doguwar katanga mai siffar rijiya, saboda haka za ka bi gada ka sauka ta matakala har ƙasa, alhali kogi yana kewaye da kai ta waje. Mai ciwon gwiwa ya yi hattara da matakalar.

Za ka ga masu ziyara sanye da ɗan ƙaramin dutsen ibada da suke kira ishtalinga a wuya. Kada ka taɓa shi. Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin zafin Afrilu yana da tsanani. Ka kuma sani abincin wurin babu nama.