Tambayoyinku Kan Fasaha: Faifai Ya Cika, Manhaja Ta Ce Akwai Sauran Wuri

Tambaya: Malam, ina kula da sabar Linux ta wani ofis a Kaduna, muna sa mata ido da manhajar LibreNMS. Ranar Litinin rumbun bayananmu ya tsaya cak, wai babu wuri a faifai, alhali jadawalin yana nuna kashi 95 cikin ɗari. Na saita ƙararrawa a kashi 97, ba ta buga ba. Manhajar ce ta lalace?

Amsa: Ƙanena, manhajar lafiyarta lau. Abin da ka tambaye ta shi ta faɗa maka. Amma wa ya ba ka shawarar kashi 97? Sai ruwa ya kai maka wuya sannan za ka fara neman mai fito?

Ga abin da ya faru. Tsarin ajiye fayiloli na ext4, wanda sabobin Linux da yawa ke amfani da shi, yana ware kashi 5 cikin ɗari na faifai domin root, wato babban asusun mai kula, shi kaɗai, tun ranar da aka tsara faifan. An yi haka ne don ko faifai ya cika, mai kula ya samu wurin shiga ya yi gyara. Rumbun bayananka kuwa ba da sunan root yake aiki ba, don haka wannan kason haramiyarsa ne. Ita manhajar sa ido, ta hanyar SNMP, wato ƙa'idar tambayar na'urori halin da suke ciki, take tambayar sabar, kuma teburin hrStorage, inda SNMP ke jera bayanan faifai, abu biyu yake ba ta: girman faifai da abin da aka cinye. Ba ya gaya mata akwai kason da aka killace. Sai ta raba wannan da wancan ta samu 95. Umarnin df kuwa, mai nuna wurin da ya rage a faifai, yana cire kason kafin ya yi lissafi, shi ya sa da ka buga df -h a ranar, da ka ga 100% da sifili a gurbin Avail, wato sauran wuri. A faifai mai tera 2, wajen giga 100 ke nan kana ganinsu a allo amma ba naka ba ne.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da matasan masu kula da sabar. An kafa babban allo a bango, komai kore shar, kowa ya harɗe ƙafa yana shan shayi, wata uku ba wanda ya shiga na'urar da kansa. Ranar da ka ƙara sabuwar sabar a manhaja, a ranar za ka shiga ka buga df -h, ka ɗora lambobin kusa da na jadawali, ka ga ko sun yi daidai. Minti biyu ne. Ni kowace safiya ina yi kafin in buɗe saƙonni, tare da df -i, domin faifai kan ƙi karɓar sabon fayil ko da wuri birjik idan inode, wato guraben rajistar fayiloli, sun ƙare, kuma jadawalin girma ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Ka sauke ƙararrawar farko zuwa 80, ta biyu zuwa 90. Idan faifan na ajiyar bayanai ne zalla, kana iya rage kason root zuwa kashi 1 da umarnin tune2fs -m 1. Faifan da tsarin aiki yake kai kuwa, kada ka taɓa shi.

Tambaya: Mun haɗa ma'ajiya mai tera 12, sai manhaja ta nuna girmanta da alamar ragi a gaba. Har na kira wanda ya sayar mana.

Amsa: Ka kira shi ka ba shi haƙuri, bai cuce ka ba. A teburin hrStorage lambar girma mai bit 32 ce, iyakarta 2,147,483,647. Da guntaye ake ƙirga girman, kuma idan kowane guntu bait 4096 ne, lissafi ya ƙare a tera 8, abin da ya haura sai ya juya ya zama ragi. Tsohon Net-SNMP ke gare ka, wato shirin da ke amsa tambayoyin SNMP a kan sabar. Daga sigar 5.7 yana daidaita girman guntun da kansa, don haka ka sabunta shi, ko ka sa wakilin Zabbix, wata manhajar sa ido, a kan sabar ka huta da SNMP ɗin.

Tambaya: Na goge fayil ɗin log mai giga 40 amma wurin bai dawo ba.

Amsa: Akwai shirin da har yanzu yake riƙe da fayil ɗin a buɗe, Hajiya. Buga lsof +L1, za ki gan shi, sai ki sake tayar da shirin. Gaba kuma ki bar logrotate, shirin da ke juya fayilolin log, ya yi aikinsa.

Tambaya: Bayan an ɗauke wuta sabar ta tashi, sai jadawalin babban faifai ya koma nuna giga 16.

Amsa: Ka leƙa bayan na'urar, ina jin akwai fulas a maƙale. Lambobin jeri na SNMP kan sauya bayan sake kunnawa, sai manhaja ta bi lambar jiya ta faɗa kan wani faifai. Ka sa ta sake binciken na'urar, kuma ka saita ta ta riƙa bin sunan faifai maimakon lamba.

Tambaya: Na sayi faifai mai tera 1, Windows ta ce giga 931. An sace mini 69?

Amsa: Ba wanda ya sace, Alhaji. Kamfani yana ƙirga da 1000, Windows da 1024. Raba tiriliyan ɗaya da 1024 sau uku, za ka samu 931.