Lasisin ƙaramar mota bai isa jan tirela ko bas ba

Ɗan'uwa, ka ce kana da lasisin ƙaramar mota, yanzu an ba ka tirela za ka riƙa ɗauko riɗi daga kasuwar Maigatari zuwa Kano, kana tambaya ko shi ke nan. A'a, bai isa ba. Lasisi aji-aji ne. Naka ajin B ne, tirela kuwa sai ajin G, bas ta haya ajin E.

Abin da ya fi kayar da samarinmu shi ne shekaru. Mai motar gida daga 18 ake ba shi, amma direban haya sai ya cika 26. Sannan a duba lafiyarka a asibitin gwamnati, musamman ido, jami'an duba motoci na VIO su gwada tuƙinka, ka biya kuɗi, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ta ɗauki hotonka da zanen yatsu. Za su fara ba ka na wucin gadi na kwana 60.

Don Allah kada ka miƙa wa ɗan tsakiya kuɗi a tasha ya kawo maka kati. Na bogi ne sau da yawa, ranar da tsautsayi ya faɗa kuwa, kai za a kama. Je ofishin FRSC na Dutse da ƙafarka.