Buhu a kaka ko kwano a kullum? Amsoshin wasiƙunku kan cefane da tanadi

Hajiya, barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Zariya, mata ɗaya da yara biyar, ga mahaifiyata a wajena. Albashi ba ya kai ni ashirin ga wata. Kullum da safe nake ba da kuɗin cefane a auno masara ko shinkafa a shagon unguwa. Wani abokin aikina ya ce in ci bashin ƙungiyarmu ta ma'aikata in sayi masara buhu goma da kaka, mu ci biyar, in sayar da biyar da damina. Me kike gani?

Malam, shawarar abokinka rabinta gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa shi ya kwantar da mutane da yawa a 2025.

Awon kullum shi ne hanya mafi tsada ta ciyar da gida. Kwanon nan da ake auno maka ya bi ta hannun manomi, da mai saye a kasuwar ƙauye, da dillali, da mai shago, kowa ya ɗora ladansa. Kuma farashin hatsi yana da lokacinsa kamar sanyi da zafi: ya fi sauka daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi hawa daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Kai da kake Zariya ma an gama maka gata, ga kasuwar Giwa a bayan gidanka, ga Saminaka gidan masara.

Amma kafin ka sa hannu a takardar bashi, ka yi abin da magidanta ba sa son yi: ka zauna da uwargida ku ƙirga. Mako biyu kacal, a rubuta kwano nawa aka niƙa. Buhun masara yana ɗaukar kwano arba'in ko kusa da haka. Idan kwano ɗaya ake tuƙawa kwana biyar a mako, abincin shekararka buhu shida da rabi ne, ba biyar ba. Ka ga ke nan lissafin abokinka zai mayar da kai shago a daidai watan da masara ta fi tsada, bayan ka sayar da taka.

Sai zancen ajiya don riba. A 2024 hatsi ya yi tashin gwauron zabi, waɗanda suka ajiye suka ci riba, kowa ya gani ya yi sha'awa. Da kaka ta zo har ma'aikatan ofis sun zama 'yan kasuwar hatsi, wasu da bashi. Alhali tun a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake har tsawon kwana 150, ga kuma amfani ya yi kyau. Da aka shiga 2025 sai farashi ya gangaro maimakon ya hau, mutane suka fitar da kaya ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya saya don ci, ko farashi ya faɗi tuwonsa na nan. Wanda ya saya don riba da kuɗin bashi, shi ne aka bari yana biyan ƙungiya. Ka sayi abin da gidanka zai ci, ka bar wa mutanen kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano sana'arsu. Sannan ka tambaya ko bashin yana da ruwa, ka tabbata abin da za a riƙa cira a albashinka bai kai abin da kake kashewa a awo duk wata ba.

In ka je kasuwa, ka sa hannu can cikin buhu ka ɗebo ka ciza. Busasshiyar masara fashewa take yi ƙaras, mai danshi kuwa sai ka ji haƙori ya nutse, kuma ita ce ke yin fumfuna. A gida ka ɗora buhunan a kan katako, kada su jingina da bango. Wake ya fi rigima. Ni da kaina na taɓa asarar rabin buhu saboda na ɗaure shi a buhun shinkafa na manta, da na buɗe bayan wata uku sai huji da gari. Ka nemi buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu ce mai kauri a cikin buhu, kowace ana matse iskarta a ɗaure ta daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu ba tare da magani ba. In babu, wankakkiyar jarkar man gyaɗa da ta bushe sarai tana yin aikin, muddin ka cika ta har wuya ka toshe. Don Allah kada wani ya ce maka ka zuba Sniper. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, to abin da Bature ya ƙi ci me zai kai shi cikin yaranka?

Saura abu ɗaya da ba a faɗa wa maza. Hatsin buhu ya fi na awo saurin ƙarewa, don ido na ganin yawa, hannu kuma sai ya saki. Kwanon da ake auno maka a shago, shi za a ci gaba da aunawa da shi a gida. Kuma tun ranar da kaya suka sauka ka ware na dangi da maƙwabta a gefe, domin za a aiko, kuma ba za ka hana ba.

Gwaggo, ina wuni. Ina soya awara a Gusau, nakan iya ware naira dubu ɗaya kullum. In shiga adashe, ko in sa a asusu, ko in kai banki? An kuma nuna mini wata manhaja a waya da ake cewa kuɗi na ninkawa a wata guda.

'Yata, manhajar nan ki goge ta yau ɗin nan. Haka MMM ta yi wa mutane a Disamban 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025. Kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi, ranar da sababbi suka daina shigowa a rufe ƙofa.

Asusu kuma bar shi wa yara su tara na Sallah. Takardar kuɗi a tukunyar ƙasa gara na ci, kuma ba ki manta yadda aka yi ta fasa asusu ana rige-rigen kai tsofaffin kuɗi banki a farkon 2023 ba.

Adashe yana da abin da banki ba shi da shi, wato kunya. Kin san uwar adashe za ta aiko, dole ki fitar. Amma ki lura da wannan: mai kwasar farko bashi ta ci marar ruwa, mai kwasar ƙarshe ita ta ba kowa bashi. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Najeriya, ma'ana abin da dubu ɗari ta saya a farkon shekara, sai an cika kusan dubu talatin da biyar a ƙarshenta. Saboda haka ki shiga gajeren adashe, na mutum goma da kika san gidajensu, ba na mutum talatin da aka haɗa a WhatsApp ba. Ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo a kaka, ki juye kuɗin a waken suya. Ke kam wannan ba caca ba ce, tunda ke za ki niƙa abinki.

Abin da kike tarawa don lalura, kamar asibiti, shi ne na banki. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin da aka ajiye a banki, tana lamunce ajiya har naira miliyan biyar a bankunan kasuwanci tun 2024, kuma in ruwa kike gudu akwai bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz da TAJ. Ki riƙa kaiwa mako-mako, kada mai POS ya riƙa yankar ladansa a kan kowace dubu, kuma kada ki karɓi katin cirar kuɗi a kan wannan ajiyar.

Anti, ni amarya ce a Kaduna, mu biyu ne a gida. Maigidana ya ce gas na cinye mu, mu koma gawayi. Wa ya fi gaskiya?

Ƙanwata, ku daina musu, ku rubuta a bango ranar da aka cika tukunya da ranar da ta ƙare, ku raba kuɗin da kwanakin. Wata mai zuwa ku gwada gawayi. A girkin mutum biyu, zatona gas ne zai ci, don da kin kashe ya mutu, gawayi kuwa sai ya ci kansa bayan kin sauke. Na kan bar wa kurfoti abin da ke daɗewa a wuta: wake, ganda, ruwan wanka. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, ki rage wuta da zarar ta tafasa. Wajen cika gas ki tsaya ki ga an ɗora a sikeli, nauyin tukunyar ba komai a rubuce yake a jikinta. Ki shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa yoyo yake. Gawayi kuma ko sanyin hunturu ya kai ina, kada ki shiga da shi ɗaki ki rufe.

Hajiya, biki huɗu ne a gabana bayan Sallah, kowanne da ankonsa. In na ƙi saya za a ce na raina su.

Za a ce, 'yar'uwa, na kwana uku. Ki zaɓi guda, na wadda in kin kwanta ciwo za ta zo ta yi jinyarki, ki yi nata. Sauran ukun ki duba akwati ki ɗauko atamfa mai kalar da ta yi kusa, ki sa rabin kuɗin ankon a ambulan ki damƙa wa uwar amarya a hannu. Ita ba ƙirga masu anko take yi ba a wannan makon, tana can tana lissafin kuɗin gara da na mai kujeru.