Ni da ƙanina mun shigar da bayanai iri ɗaya, SAS ya ce sun saɓa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Agege. Na raba takardun tambayoyi 300 ga masu sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mile 12. Ni da ƙanina kowa ya shigar da amsoshin a kwamfuta shi kaɗai, don mu kama inda hannu ya zame. Da na haɗa su a PROC COMPARE, umarnin da ke gwada teburan bayanai biyu a manhajar nazarin alƙaluma ta SAS, kusan kowane layi sai ya ce ya saɓa. Har na yi wa yaron faɗa. Ina gizo yake saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki fara ba ƙanin naki haƙuri, don da alama laifinsa bai taka kara ya karya ba.

Muddin ba ki faɗa masa abin da zai gane kowace takarda da shi ba, PROC COMPARE layin farko yake ɗauka ya gwada da layin farko, na biyu da na biyu, har ƙasa. A ce ƙaninki ya tsallake takarda ta 7. Shi ke nan, amsar mai albasa za ta faɗa kan ta mai tumatir, duk abin da ya biyo baya ya goce. Kuskure ɗaya ne ya haifi ɗaruruwa.

Maganin shi ne lambar da kika rubuta a saman kowace takarda. Ki jera teburan biyu da PROC SORT bisa wannan lambar, sannan ki rubuta:

proc compare base=nawa compare=nasa listall; id lamba; run;

ID ne zai sa ya haɗa takarda ta 8 da 'yar'uwarta ta 8. LISTALL kuma zai fito miki da lambobin da ke teburi ɗaya babu su a ɗayan, nan za ki ga wadda aka tsallake. Idan ba ki sa wa takardun lamba ba tun farko, to ki nemi biro yau ɗin nan.

Bayan wannan za ki iya cin karo da abin da ya fi ɗaure kai: ya ce kuɗi biyu sun saɓa alhali ido na ganinsu daidai. Kwamfuta da sifili da ɗaya take lissafi, shi ya sa a wurinta 0.1 a tara da 0.2 bai zama 0.3 cif ba. Shi kuwa SAS, in ba a ce masa komai ba, daidaito na ba-sani-ba-sabo yake nema. Ki ƙara method=absolute criterion=0.01, wato ya kau da kai ga bambancin da bai wuce kwabo ɗaya ba. Ki rubuta su tare, domin in kika sa CRITERION shi kaɗai, SAS zai koma auna bambancin gwargwadon girman adadin, kuma ba shi kike nufi ba. Na san masu buɗa wannan ƙofar har sai rahoto ya fito fes su kai wa malaminsu. Wannan rufa-rufa ce.

Rubutu kuma, "Kano" da "kano" abu biyu ne a wurinsa, UPCASE zai daidaita su. Sannan kada gajartar rahoton ta ruɗe ki: bambanci 50 kawai yake bugawa a kowane ginshiƙi, 500 gaba ɗaya, sai kin ɗaga masa da MAXPRINT.

Tambaya: Malam, daga Obalende nake. A R, wata manhajar nazarin alƙaluma, umarnin identical ya ce teburaina biyu sun bambanta, umarnin all.equal ya ce daidai suke. Wa zan gaskata?

Amsa: Duka biyun, ɗan'uwa. Shi identical ba ya yafe komai, har nau'in da aka adana adadin yana dubawa. Shi kuma all.equal yana yafe bambancin da bai kai kimanin 0.000000015 na girman adadin ba, kana iya sauya wannan da tolerance. Ga lissafin da ke da ɗigo, all.equal za ka bi. Sai dai shi ma layi da layi yake gwadawa, don haka ka fara jera teburan da order. In kuma cikin if, wato umarnin sharaɗi, za ka saka shi, ka lulluɓe shi da isTRUE, saboda idan ya ga bambanci bayani yake maido maka, ba FALSE ba.