Na ga kurakuran rubutu a takardun Django, in gyara ko za su yi min dariya?

Tambaya: Salam malam. Ina koyon Django (kayan aikin Python na gina shafukan intanet), cikin karanta takardun bayaninsu na ci karo da kalmomi da aka rubuta ba daidai ba. Ina so in tura PR (wato buƙatar a shigar da gyarana cikin aikin a GitHub) amma wani a guruf ɗinmu ya ce masu kula da aikin sun tsani irin wannan, rufewa za su yi. Wani kuma ya ce in sa codespell (manhajar gano kurakuran rubutu) ya gyara duk repo ɗin (ma'ajiyar fayilolin aikin) lokaci guda. Wallahi na rikice.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Tura abinka, ba mai yi maka dariya, a Django ma ƙaramin gyara irin wannan ba sai ka buɗe tikiti a Trac (shafin da suke rajistar matsaloli) ba. Ka dai sani Turancin Amurka suke bi, kar ka ga color ka ce kuskure ne.

Abokinka na farko labarin Hacktoberfest na 2020 ya ji, wato shirin ƙarfafa tura PR a watan Oktoba, lokacin da DigitalOcean ke ba da riga ga wanda ya tura PR huɗu, mutane suka yi ta cika repo da shirme don riga, har aka canza doka cikin 'yan kwanaki. Shirmen aka tsana, ba gyara ba.

Na biyun nan shi ne matsalata, kuma kullum sai na haɗu da irinsa. Wai ai gyaran rubutu ne kawai ba ya ɓata komai, ka sa codespell da -w (zaɓin da ke sauya fayil kai tsaye) ya bi fayil ɗari ya sauya, ka tura ko dubawa ba ka yi ba. Haba! Ka san kalmar Referer ta HTTP? Tun 1996 ta shiga RFC 1945, takardar ƙa'idar HTTP, da r ɗinta guda a tsakiya, kuskure ne, amma duk intanet ta ginu a kai, ba mai taɓa ta. A Django za ka ga HTTP_REFERER, gefe guda kuma ga SECURE_REFERRER_POLICY da r biyu, kuma dukkansu daidai ne. To kai gwani ka zo ka "gyara" na farkon a misalin kod, wani ɗalibi ya kwafa, request.META.get ya dinga ba shi None (wato babu komai) shiru ba ko ƙorafi, ya kwana yana zargin kansa. Masu koyarwar nan da ke cewa ku cika shafinku na GitHub da koren alamar yawan gudummawa don samun aiki su ke jawo wannan, su ko PR ɗin wani ba su taɓa dubawa ba, alhali mai dubawar nan yawanci sa kai yake, bayan ya taso daga aikinsa.

Bari codespell ya nuna maka jerin kawai, kai ka karanta kowane layi da idonka. Sunan da ke cikin kod ka bar shi yadda yake. Waɗanda ka tabbatar ka haɗa su a PR ɗaya kan reshen main, ba kowace kalma da nata ba.