Wai poker a Las Vegas caca ce ko wasan basira?

Tambaya: Salam Malam, aiki zai kai ni Las Vegas a Amurka, abokin tafiyata ya dame ni wai mu leƙa kasino mu buga wasan katin nan poker, wai ba caca ba ce tunda ƙwaƙwalwa ake sawa. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Eh akwai dabara a ciki, amma fa kuɗi ake zubawa kan katin da ba ka gani ba, wani ya kwashe na wani, malamai kuwa wannan suke kira maisir, wato caca, duba Ma'ida aya ta 90. Iri biyu ake yi. Akwai tebur na tsabar kuɗi, 'yan kwabban robar gabanka dalolinka ne, ka tashi sanda ka so, gidan kuma yana tsakurar kasonsa daga kuɗin da aka tara, to ka ga shi kam ba ya faɗuwa. Sai gasa, ka biya kuɗin shiga, kwabbanka suka ƙare sai gida, babban wasa a gasar poker ta duniya (WSOP) da aka fara a 1970 ma dala 10,000 ce shiga kuma yawancin mutane hannu rabbana suke fitowa. Ko ka ci, Amurka na iya cire harajin kashi 30 tunda baƙo ne kai. Ka ce masa ya ja ka kallon madatsar ruwa ta Hoover Dam, bai kai awa ɗaya a mota ba.