Tambayoyinku kan waya: barewa ta gudu, kai kuma ka ɗora wa kamara laifi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Satin nan saƙonnin da suka shigo kusan duk na hoto ne, hoton tsuntsaye, hoton namun dawa, har da mai neman hoton maciji. Masu matsalar rezo da wanda ya manta kod ɗin wayarsa ku yi haƙuri sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Mirya: Malam ina da Tecno, in na je tabkin Gidimuni ina jawo zum har ƙarshe don in ɗauki tsuntsaye, amma hoton sai ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa koko. Me ya lalace?

Babu abin da ya lalace ɗan'uwa. Zum ɗin da kake ja da yatsa biyu ba ya kawo tsuntsun kusa, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, kamar ka tsinka fura ludayi ɗaya da ruwa don ta cika ƙwarya. Tsaya a 1x, ko 2x da 3x in wayarka na da ido na musamman don nesa. Abin da ni nake yi kullum, kuma na sha faɗa a nan, ka samu jumel, wato madubin hangen nesa mai ido biyu, ko da tsoho ne, ka manna idon kamara a bakin ido ɗaya na jumel ɗin, ka jingina da icce, ka danna maɓallin ƙara murya maimakon taɓa ekaran. Za ka sha mamaki.

Tambaya daga wani matashi a Garin Malam: Malam na je ƙauyenmu arewa da Gure, da la'asar muka hango barewa uku, na lallaɓa a hankali ba ko motsi amma tun ina nesa suka ɗaga kai suka arce. Sai muka hau moto ni da abokina muka bi su ina ɗaukar bidiyo, duk ya fito da girgiza. Na dai sa a Facebook da sunan ƙauyen. Ina da jikka 200, wace waya zan saya mai kamarar da za ta kama su?

Ƙanena, ajiye jikka 200 ɗinka ka zauna, don maganarka tana da tsawo kuma wallahi tun da na karanta saƙon nan raina bai kwanta ba.

Mu fara da mai sauƙin. Ka ce ba ka yi motsi ba, na yarda. Amma barewa ba ta jira ta gan ka ba, shinshino ka ta yi. Mu ƴan Adam da ido muke rayuwa shi ya sa muke zaton in mun ɓuya bayan geza shi ke nan mun ɓace, alhali ga dabba iska ita ce ke kawo labari. Ɗauki kare misali, ƙwayoyin jin wari da ke cikin hancinsa suna kaiwa wajen miliyan 300, mu namu wajen miliyan 6 ne. Ko gafiyar nan da yara ke jifa, danginta ne wata ƙungiya mai suna APOPO ke horarwa a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya suna gano nakiyoyin da aka binne cikin ƙasa, suna kuma gano tarin fuka daga kakin majiyyaci, har ɗaya mai suna Magawa ta samu lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ta yi a Kambodiya. To ita barewa da duk rayuwarta gudun dila ne da kura da maharbi, kana ganin za ta kasa jin saurayin Damagaram da ya fito yawon la'asar? Na san ku, ba ku fita sai kun yi wanka da sabulu mai ƙamshi kun zuba turare kamar za ku zance, ga warin esansi na moto a wando, wataƙila ga taba. Tun kafin ka ciro waya daga aljihu labarinka ya isa.

Kuma kar ka ce to gobe ba zan sa turare ba. Rage shi yana taimako, amma gumin jikinka kaɗai ya isa, ba yadda za ka wanke warin mutum. Dabarar ita ce ta maharban da, wadda duk wani tsohon maharbi a ƙauyenku zai koya maka kyauta: ka sa iska ta riƙa bugun fuskarka, wato ta taso daga wajen dabbar zuwa gare ka. Ɗebi toka kaɗan a ƙyalle ko ka ɗauki lallausan rairayi ka sake shi, ka ga inda ya nufa. In ya nufi wajen dabbar, kar ma ka wahal da kanka, zagaya. Yanzu da muke cikin hunturu iskar daga arewa maso gabas take tasowa, ke nan ka ɓullo musu ta kudu maso yamma. Abin daɗin ma shi ne da la'asar rana na bayanka ke nan, haskenta na kan dabbar, iska na fuskarka, ka samu biyu a tafiya ɗaya. Da damina lissafin juyawa yake don iskar daga kudu maso yamma take zuwa, sai safiya ta fi maka. Amma kullum ka gwada da tokar, tsakanin tuddan rairayi da duwatsu iska kan yi kwana.

Sauran kuma ka san su ko ya kamata ka sani, waya a silansi, kashe ƙarar ɗaukar hoto, kashe filash, bar farar shadda mai ƙara a gida ka sa tsohuwar riga mai launin ƙasa. Idanun barewa a gefen kai suke, tana ganin kusan ko'ina ba tare da ta waiwaya ba, don haka tafiya kai tsaye wajenta ɓata lokaci ne. Nemi inda sawunsu da kashinsu suke, gindin aduwa ko ƙaya inda suke kiwo, ka je da wuri ka zauna. Awa ɗaya, awa biyu. Su za su zo.

Yanzu ga abin da ya ɓata min rai, maganar moto. Ƙanena, bin barewa da moto kisa ne, ko da bindiga ko da waya a hannunka. Ita tana da gudu amma tana gajiya, injin kuwa ba ya gajiya. In aka kore ta da nisa jikinta zafi yake ɗauka, naman jikinta ya lalace daga ciki, likitocin dabbobi sun san wannan ciwon sarai, dabba takan tsira a idonka ta je ta faɗi bayan awoyi ko kwanaki. Mai ciki tana iya ɓari, mai ɗa ta rabu da ɗanta da ta ɓoye a ciyawa. Kai ka dawo gari da bidiyon sakan 40 mai girgiza, can kuma ka bar abin da ba ka gani ba. Da irin wannan kora ta mota da moto aka share namun dawan ƙasar nan. Tambayi dattawan Tanut da Tesker abin da suke gani da suna yara. Jimina da take yawo a dajinmu yanzu sai an killace ta ana kiwonta a Kelle don kar irinta ya ƙare. Gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, a jiharmu ta Damagaram wani sashensa yake, can ne mafakar ƙarshe ta adaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda masana ke cewa waɗanda suka rage a dawa ba su kai 100 ba, a wani bincike na 2016 ma uku kacal aka gani. Barewa uku da ka hango ba ƙaramar dukiya ba ce.

Sannan ka je ka rubuta sunan ƙauyen a Facebook. Kai hoto kake so, amma cikin masu kallo akwai mai son nama da mai kama ƴaƴan barewa ya sayar wa masu ajiyewa a gida, ka yi masa jagora kyauta. Je ka goge sunan yau ɗin nan, in dutse ko rijiyar da za a gane wurin ta fito a bidiyon sauke shi gaba ɗaya. Kuma ku duka masu karatu ku ji wannan, kowane hoto yana ɗauke da bayani a ɓoye cikinsa, ranar da aka ɗauka, irin wayar, in kuma lokalizasiyo, wato abin da ke nuna inda wayar take, a kunne take har da daidai wurin da ka tsaya. Facebook da WhatsApp suna cire shi in ka tura hoto yadda aka saba, amma in ka tura shi a matsayin dokima, wato fayil, ko ta imel, da bayanin yake tafiya. Shiga parametir na kamara ka kashe lokalizasiyo kafin ka shiga daji. In kana son wurin ya yi amfani, ma'aikatan gandun daji za ka gaya wa baki da baki. Waya kuwa, wadda ke hannunka ta isa, sayi jumel da pawa bank ka kai wa Inna canjin.

Tambaya daga wata Hajiya a Zango: Na ɗauki bunsurunmu hoto ya ɗaga kai sama ya yage leɓe kamar yana dariya, yara suka ce aljanu ne. Lahiyarsa ƙalau kuwa?

Lahiya lau Hajiya, aure yake so. In ya shinshini fitsarin akuya sai ya naɗe leɓen sama don ya tura warin zuwa wata ƴar gaɓa da ke saman dasashinsa, da ita yake gane ko akuyar ta shirya barbara. Doki na yi, rago na yi, raƙuman dawa na Kure ma haka suke yi. In kina son hoton ya fito tsaf ki riƙe maɓallin ɗauka ki bar shi ya jero hotuna da yawa, sai ki zaɓi ɗaya, sauran ki goge kar su cika miki memuwar.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'ar André Salifou: In na tura wa abokai hoton shamuwa ta WhatsApp sai gashin fuka-fukin ya dagule.

Matse shi WhatsApp ke yi don ya rage cin megas. Danna HD kafin ka tura, tun 2023 aka sa shi, ɗalibin jami'a guda bai gani ba? In kana son asalin hoton tura a dokima, amma koma sama ka karanta abin da na gaya wa na Garin Malam. Ita shamuwa a tsakiyar gari take sheƙa, ba wanda ke ɓoye ta, sai dai kar in ji ka hau icce ka leƙa ƙwai don hoto.

Tambaya daga wani mai shago a kasuwar Dole: Wayata tana rubuta ta yi zafi ta rufe kamara in ina bidiyo a gona, kuma hotuna suna yin hazo.

Yawancin wayoyi an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40, sannan ka bar ta kan tankin moto cikin rana. Cire mata riga, sa ta a inuwa, rage bidiyo daga 4K zuwa 1080, kar ka yi sarji kana ɗauka. Kar ka sa ta a firigo. Hazon kuma rabi ƙurar hunturu ce rabi man ƙosai na yatsanka, hure idon tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai laushi, in ka goge da yashi a kai gilashin zai karce.

Tambaya daga wani yaro a Matamaye: Ina so in ɗauki maciji lokacin da ya fiddo harshe, yaya zan matso?

Ba za ka matso ba. Da harshen yake kwaso wari daga iska da ƙasa ya kai saman bakinsa, rabuwarsa biyu kuma ita ke taimaka masa ya san ta wane gefe warin ya fi ƙarfi. Damo da guza haka suke yi da nasu harshen, je ka gwada da su daga nesa, sa bidiyo mai tafiyar hawainiya sai ka ciro hoton daga ciki. Kububuwa gajera ce amma saranta na kisa, kumurci kuma wani irinsa yana tofa dafi a ido daga mita biyu. Ɗana, bar maciji.

Tambaya ta ƙarshe daga wata malamar lakwal a Magarya: Akwai manhajar da za ta gaya min sunan tsuntsu daga hoto, don in nuna wa yara?

Akwai Malama, Merlin ta jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce, ki sauke kundin tsuntsayen yankinmu lokacin da kike da wifi don ta yi aiki ko ba rezo. Ni na fi son iNaturalist don tana ɗaukar har ƙwari da itatuwa, kuma da kanta take ɓoye ainihin wurin dabbar da ke cikin haɗarin ƙarewa. Sunan Faransanci da na kimiyya za su ba ki, na Hausa kuwa ki sa yaran su kai hoton gida su tambayo kakanninsu su rubuto miki a kaye.